Asabar a Gidan Mai Katako

Mu da muka tashi a Dutsi a shekarun 1970, a bakin malaman tafsiri muka san Bayahude. Idan azumi ya kama aka iso Suratul A'arafi, malam kan ba da labarin mutanen wani gari na bakin teku da aka hana su kamun kifi ranar Asabar, kifayen kuma suka riƙa tasowa a ranar, har mutanen suka yi wa dokar dabara, aka hukunta su. Iyakar sanina da Asabar ɗin Yahudawa ke nan, wato labarin waɗanda suka keta ta. Masu kiyaye ta kuwa, ban taɓa kawo wa raina zan gan su da idona ba, balle mu zauna gida ɗaya muna shanya a igiya ɗaya.

Tarihin ƙasar Hausa bai nuna mana wata unguwar Yahudawa irin ta Fas ko Tarabulus ba. Labarinsu daga nesa yake zuwa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya kuma zauna a Katsina, ya baro yankin Tuwat na Aljeriyar yau ne bayan rikicinsa da Yahudawan Tamantit wajajen 1492. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, an yi wani Bayahude ɗan Tarabulus, Saul Raccah, da ya shiga sahun manyan masu sayen gyaɗa a birnin. Wanda ya fi matsowa kusa da mu shi ne William Miles, Ba'amurken da ya koyar a Magarya daga 1977 zuwa 1979, ya dawo a shekarun 1980 ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, ya rubuta littafi a kan yadda iyakar Turawa ta raba Hausawa gida biyu. Amma mutum ɗaya ba ya jam'i. A addininsu sai maza goma baligai sun hallara kafin a yi ibadar taro, kuma ba a taɓa haɗa goman nan a shiyyarmu ba.

Aikin gwamnati ne ya kai ni Abuja, tsadar hayar cikin gari kuma ta tura ni Kubwa tare da dubban ƙananan ma'aikata, tun kafin a faɗaɗa babban titin. Gidan da na kama mai sassa da yawa ne, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Wanda ƙofarsa ke kallon tawa ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa har da karin Kananci, yana ma tsokanata da cewa mu mutanen Katsina ba mu iya magana ba. Katako yake sayarwa a kasuwar Dei-Dei, don haka kowa Mai Katako yake ce masa. Ni ina kiransa Oga, shi yana kirana Malam, 'ya'yansa kuma Kawu suke ce mini.

Shi ya ba ni labarin hanyar da ya biyo. A Katolika aka haife shi, da ya girma ya koma ɗaya daga cikin coci-cocin nan masu ibada ranar Asabar da fararen kaya, daga nan ya ajiye Sabon Alkawari gaba ɗaya ya riƙe Attaura. Da yawa cikin Yahudawan Ibo ta wannan hanyar suka biyo. Akwai tsohon zance a tsakanin Ibo cewa asalinsu daga Bani Isra'ila ne, suna kafa hujja da al'adu irin su kaciyar jariri a rana ta takwas. Hukumar malaman addini ta ƙasar Isra'ila ba ta ɗauke su a matsayin Yahudawa ba, amma hakan bai hana su koyon Ibrananci ba, da littattafan da aka yi wa hoto a injin kwafi da kuma shagunan intanet na biyan kuɗin awa. Wani malaminsu daga jihar Maryland ta Amurka, Howard Gorin, ya riƙa kawo musu ziyara da littattafai tun tsakiyar shekarun 2000. A Abuja suna da majami'ar Gihon a Jikwoyi, da Tikvat Israel a nan Kubwa. Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne jin cewa William Miles ɗin nan na 'Yardaje ya zo wurinsu har ya fitar da littafi a kansu a 2013.

Ranar Juma'a, lokacin da nake dawowa daga masallaci, lokacin ne shi ma yake shigowa daga kasuwa. Tawa ranar ta gangara, tasa tana shirin kamawa, domin a lissafinsu yini daga faɗuwar rana yake farawa, yadda muke lissafin kwanan wata. Daga la'asar sashensu ba a zaune. Matarsa Madam tana kan risho biyu, tana haɗa girkin kwana da yini: dafa-duka, miyar agushi, soyayyen kifi, a zuba a manyan kuloli a rufe. Yara suna guga, ana share tsakar gida, ana cika randuna da bokitai. Shi kuma zai zazzage aljihunsa, kuɗi da makullin shago da biro da waya, ya zuba a durowa ya tura. Saura minti 18 rana ta faɗi Madam za ta yafa gyale, ta kunna kyandir biyu, ta rufe idanunta da tafin hannu ta yi addu'a. Kafin ladanin unguwa ya kira magariba, hayaniyar sashen ta ɗauke.

Sun sha gayyatarmu cin abincin daren. Tebur da farin ƙyalle, burodi biyu kitsattsu a lulluɓe, gishiri a gefe. Maigidan zai tashi tsaye da kofi a hannu ya rera addu'ar tsarkake ranar, kuma saboda mu ruwan inabi na kwali suke sawa, ba giya ba. Sai a wanke hannu da moɗa, a yi shiru har a gutsura burodin a dangwala gishiri a miƙa wa kowa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannuwansa biyu a kan kowanne ya sa masa albarka, har babban da ya fi shi tsawo. Yaron kan sunkuya yana murmushin kunya saboda muna kallo, uban kuma ba ya gaggawa.

Cin abincinsu bai taɓa damuna ba, tunda Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma nama ma ba kasafai suke ci ba saboda wahalar samun yanka irin nasu. Su ne suke da wuyar ciyarwa. Kifi sai mai ɓawo, don haka karfasa ta shiga, tarwaɗa ba ta shiga. Ba sa haɗa nama da nono a ci ɗaya, wanda ya ci tsire sai ya jira kafin ya sha fura. Da na taɓa kawo tsarabar kilishin raƙumi daga gida, Mai Katako ya riƙe baki ya ce, "Malam, wannan ai da sunansa aka hana mu." Haka zomo. Maiɗakina ta haddace waɗannan duka, har ya zama in Sallah ta zo cincin da dubulan take aika musu.

Aikin da aka hana su ranar Asabar malamansu sun kasa shi gida 39: shuka, girbi, niƙa, ɗinki, rubutu, gini, kunna wuta, kashe wuta, da sauransu. Daga nan aka fitar da hukuncin mota da lantarki da waya. Wani daren Juma'a sun bar janareta a kunne tun kafin faɗuwar rana saboda zafi, can wajen ƙarfe tara sai aka kawo wuta. Kowa a gidan ya kashe nasa, nasu na ta ruri yana shan mai. Na fito na tarar da shi zaune a ƙofa yana kallon injin.

"Oga, an fa kawo wuta."

"Na gani, Malam."

"To, in kashe maka?"

"Ni dai ban ce ka kashe ba." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Kuma ban ce kada ka kashe ba. Man fetur dai ya yi tsada."

Na kashe, muka yi ta dariya. Daga baya ya bayyana mini cewa ba a yarda ya umarci wanda ba Bayahude ba ya yi masa abin da aka hana shi, in ba da wata lalura ba. Na ce masa wannan ai ta yi kama da dabarar masu kamun kifi. Ya ce shi ma malaminsu ya taɓa ja masa kunne a kan haka, kuma tun daga ranar bai sake barin janareta ya shiga Asabar a kunne ba. Suka koma fitilar caji da mafici.

Amma na ga ranar da ya karya dokar ba tare da ya tsaya tunani ba. Naƙuda ta kama maiɗakina tsakar daren wata Juma'a, motata tana wurin bakanike, unguwa ba ko ɗan acaɓa. Ban buga masa ƙofa ba, don na san daren da ake ciki. Motsinmu ya ji ya fito. Yana ganin halin da ake ciki ya koma ya jawo durowar nan, sai ga shi da makulli. Shi ya tuƙa mu har asibiti, Madam tana baya tana riƙe da ita. Da aka sauka lafiya na shiga ba shi haƙuri, ya ce babu abin haƙuri, a dokarsu idan rai yana cikin haɗari karya Asabar wajibi ne, wanda ya tsaya tambaya ma shi ne mai laifi. Sai dai tunda haɗarin ya wuce, motar a nan ya bar ta. Da gari ya waye shi da matarsa a ƙasa suka tako har gida, motar kuma ba a ɗauko ta ba sai da daren Asabar.

Majami'arsu na shiga ne lokacin da ɗansa na biyu ya cika shekara 13, shekarun da yaro ke shiga lissafin maza goma. Ƙaramin gini ne mai rufin kwano da kujerun roba, maza gefe mata gefe. Mazan sun yafa fararen mayafai masu tuntaye a kusurwa huɗu, da 'yar hula a tsakar ka. Alƙiblarsu Baitul Muƙaddas, wadda mu ma ita muka fara fuskanta kafin a juyar da mu Ka'aba bayan hijira, kuma daga Abuja ba ta da nisa da tamu, sai dai ta fi karkata arewa. A bangon gaba akwai kabad mai labule. Da aka buɗe kowa ya miƙe, aka fito da Attaura, rubutun hannu a kan fata, naɗe a sanduna biyu, aka zaga da ita mutane suna taɓawa da bakin mayafi suna sumbata. Littattafan Annabi Musa biyar an raba su kashi 54 domin a sauke su a shekara, kuma kowace safiyar Asabar mutum bakwai ake kira su tsaya a kan karatun. Ba a taɓa rubutun da yatsa, da wani ɗan tsinke mai siffar hannu ake bi, daga dama zuwa hagu. Yaron ya hau yana karatu yana rangaji kamar almajiri a kan allonsa, muryarsa tana rawa. Ya yi tuntuɓe a wata kalma, sai muryoyi uku daga cikin sahu suka gyara masa a tare, ya maimaita ya wuce. Uban yana tsaye a gefe, hawaye har gemu.

Bayan an idar babu wanda ya kama hanya. Aka jera tebura, kowane gida ya fito da kularsa, aka fasa goro irin nasu mai ɓari da yawa, wanda muke kira hannun ruwa. A nan na ga ainihin aikin da ranar take yi. Aka lura wata tsohuwa ba ta zo ba, nan take aka tashi samari biyu su taka su dubo ta. Aka yi zancen wani da ya rasa aiki, wani ya ce ya same shi a shago ranar Lahadi. Wasu biyu da suka yi saɓani a kan bashi dattawa suka zaunar da su, ba a ambaci adadi ba tunda ba ranar lissafi ba ce, amma aka sa suka ci a kwano ɗaya. Da yake ba a hawa mota, dole mai son zuwa majami'a ya kama haya inda ƙafa za ta kai shi, saboda haka duk sun zama 'yan unguwa ɗaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Su doka ce ta tilasta musu ƙafar.

Abin ba kyauta ba ne. Asabar ita ce babbar ranar ciniki a Dei-Dei, don ranar ce ma'aikata masu gini ke samun sukunin zuwa sayen kaya. Shagonsa a kulle, yaran shagon ma, waɗanda yawancinsu Musulmi ne 'yan Kano, suna hutu, domin umarnin ya haɗa da bara da dabbar gida. Zaɓen Nijeriya ranar Asabar ake yi, don haka na shugaban ƙasa na 2011 da na 2015 duk yana gida, da katinsa a durowa. Ɗaurin aure da yawa ya wuce shi. Na taɓa tambayarsa ko yana lissafa asarar. Ya ce, "Malam, ɗan kasuwa ne ni, ta yaya ba zan lissafa ba? Amma kwana shida katako ke juya ni. Rana ta bakwai sai ya san ba shi ya haife ni ba."

Na san mai karatu zai ce, to Falasɗinu fa? Mun yi wannan gardamar ba sau ɗaya ba a kan benci, wani lokaci har murya ta tashi. Ban sauya ra'ayina ba, shi ma bai sauya nasa ba. Sai dai mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Isra'ila ba, kuma haƙƙin maƙwabtaka da addinina ya ɗora mini bai ce sai wanda muka yi ittifaƙi da shi a siyasar duniya ba.

Da yammacin Asabar yaransa kan fito tsakar gida su ɗaga kai suna neman taurari, nawa ma su taya su. In an ga uku ranar ta fita. Sai a kunna kyandir mai kitsattsen lagwani, a zaga da ɗan gwangwanin kanumfari kowa ya shaƙa, a tsoma wutar a ruwan inabi. Kafin hayaƙin ya baje Mai Katako ya kunna waya, ya koma ɗan kasuwa sak, yana faɗa da direban da ya makara da lodi.

Abin da ya sa Asabar ɗin gidan nan ta kama ni shi ne na taɓa sanin irinta. Juma'ar Dutsi ta ƙuruciyata ba sallar raka'a biyu kaɗai ba ce, yini ne sukutum. Tun ranar Alhamis ake wanki a sa bula, makarantar allo tana hutu. Da safe wanzami yana gindin bishiya, layi har da dattawa. Manoma da yawa ba sa nisa da gida, wanda ya je gona ma da hantsi ya dawo. Masallacin Juma'a ɗaya ne, don haka mutanen ƙauyuka suke shigowa a ƙasa da kan jakuna da kekuna, kowa da gidan da yake sauka ya sha ruwa. In an sallame sai gaisuwa, a fara da fada, a bi gidajen malamai, a gangara wurin gwaggo da inna da kaka, ana kai goron Juma'a. Mu yara mu ke yawo da kwanukan tuwo daga wannan gida zuwa wancan, almajirai kuma ranar sadakar waina da gumba ce. Wanda ba a gani a masallaci ba, kafin la'asar an je an ji dalili. Mahaifina bai taɓa kiran wannan hutu ba, amma ranar ce kaɗai nake ganinsa zaune a zaure ba da igiya ko lauje a hannu ba.

Ba ina kiran a kwaikwayi kowa ba ne. Musulunci bai sa Juma'a ta zama ranar barin aiki ba. Suratul Juma'a ta ce a bar ciniki in an yi kira, in an idar kuma a watsu a nemi falalar Allah, har malaman Malikiyya sun karhanta barin aiki a ranar in da niyyar koyi da Yahudu da Nasara ne. Abin da iyayenmu suka gina a kewayen sallar al'ada ce tasu, da suka ga ta dace da umarnin sada zumunci. Nan kuma rauninta yake. Yanzu da na yi ritaya na dawo gida, masallatan Juma'a sun ƙaru, sahu ya fi na da tsawo, amma kafin liman ya fito daga harabar an buɗe shaguna, babura sun watse ta hanyar Shargalle, wasu Daura wasu Katsina. Gaisuwar Juma'a ta koma hoton fure da ake turawa mutum ɗari a WhatsApp da dannawa ɗaya. Tsohuwar da a da jikoki ke cika mata ɗaki, yau sai dai a kira ta a ce ana nan tafe.

Babu wanda ya hana mu. Kwalta ce ta zo, da babur, da waya, da neman abinci da ya ƙara wuya, al'adar kuma ba ta da katangar da za ta tare su. Ta Mai Katako tana da katanga, shi ya sa ta rayu a tsakiyar cunkoson Kubwa, a hannun mutanen da ba su gaji Ibrananci daga iyayensu ba. Sada zumunci wajibi ne a kanmu yadda hutun Asabar yake wajibi a kansu. Bambancin shi ne su an yanka musu rana, mu an bar mana mu yanka da kanmu. Iyayenmu sun yanka Juma'a, mu kuwa har yanzu muna cewa sai an samu lokaci.